Gidan da ya ja mini rai mako 7 kafin ya ba ni ƙadangare

Ɗan fari ne ya jawo mana wannan hidima, don haka ba za ku ji na kama sunansa ba. A watan Janairun 2022, yana da shekara 11, muka shiga wani shagon sayar da dabbobin gida a nan Houston don sayen abincin kifi, sai ya tsaya gaban wani akwatin gilashi ya kafe. 'Yan iguwana ne a ciki, wani irin ƙadangare mai cin ganye, kore shar kamar ɗanyen ganye, in ka cire wutsiya kowace ba ta wuce tafin hannuna ba. An manna farashi a jikin gilashin, dala 30.

"Umma, don Allah. Ni zan riƙa yi mata komai."

Na kira saurayin da ke tsaron wurin na ce, me take ci? Ya ce latas da 'ya'yan itace. Na ce wahala fa? Ya ce ai kyanwa ma ta fi ta wahala. Ya nuna mini wani kwali da aka haɗa komai a ciki, akwatin gilashi irin na kifi, fitila guda, ɓawon itace na shimfiɗa da kwanon ruwa, dala 120. Da na miƙa kati, minti 10 ya isa mu fito da ita. Kada ku ɗauka hangen nesa ne ya hana ni. Albashi ne bai shigo ba, kuma maigida ba ya gari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Washegari na ba wata abokiyar aikina labari, 'yar asalin ƙasar El Salvador, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce a wajensu kazar bishiya ake ce wa wannan dabba, har miya ake yi da ita. Ta ware hannuwanta iya ƙarfinta ta ce, haka abar nan taki za ta zama. Ita ce ta ba ni lambar wani gidan ceton dabbobi masu jan ciki da ke bayan gari, ta ce in dai lallai sai mun yi, to mu je mu karɓi riƙo, kada mu saya.

Wannan gida nake son ba ku labarinsa. Sunansa zan ɓoye, domin akwai inda zan yi musu ƙorafi, kuma mutane ne masu aikin sa kai da ba a biyansu ko kwabo.

Farkon hulɗarmu bai yi mini daɗi ba. Na aika saƙo, kwana 5 shiru. Na sake aikawa, sai ga takarda mai shafi 4 wai in cike. Mutum nawa ne a gidan, kowa shekararsa nawa. Akwai mai juna biyu? Akwai wanda ya haura 65, ko mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki? Gidan namu ne ko haya, in haya ne ina takardar yardar mai gida? Wane likitan dabbobi ne zai riƙa duba ta, kuma ya san aikin dabbobi masu jan ciki ko kare da kyanwa kawai ya iya? In aka ɗauke wuta kamar yadda aka yi a sanyin Fabrairun 2021, me za ku yi? Na ce wa maigida, lokacin da danginka suka zo neman aurena ba a yi musu rabin wannan bincike ba. Na kusa in watsar in koma shago, tunda dai kuɗina ne.

Abin da ya zaunar da ni ziyarar farko ce. Gidan wata dattijuwa ne, ta mai da gareji da ɗakuna biyu na baya wurin ajiya, ga zafi da danshi sai ka ce ana shirin hadari a watan Agusta. Ba ta fara nuna mana wadda za mu ɗauka ba. Kai tsaye ta kai mu gaban wani ƙaton namiji, ta ce wa yarona ya tsaya nan ya kalla. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ya kai tsayina. Koren ya tafi, ya koma ruwan toka da ratsin ruwan lemo, ga ƙayoyi jere a gadon baya, ga wata fata tana reto a ƙarƙashin haɓa. Ya dube mu da ido ɗaya, ya buɗe fatar nan kamar mafici, ya shiga gyaɗa kai da ƙarfi. Dattijuwar ta ce ba gaisuwa yake yi ba, cewa yake ku fita mini daga gida. Ta ce shi ma da dala 30 aka saye shi.

Iguwana kore tana kai mita ɗaya da rabi, wasu mazan har kusan mita 2, kuma kusan kashi biyu cikin uku na tsawon wutsiya ce. In ta sami kulawa tana yin shekara 15 zuwa 20. A shekarun 1990 dubu ɗaruruwa ake shigowa da su Amurka duk shekara daga gonakin kiwo na ƙasashe irin su El Salvador da Colombia, shi ya sa har yau farashinta bai taka kara ya karya ba. Arhar nan ce tarkon. Mutum ya saya tana iya tafin hannu, shekara biyu ta fi ƙarfin akwati, ta fara yakushi, ta fara bulala da wutsiya, sai ta zame masa ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Ranar da muka je akwai guda 9 a gidan suna jiran mai riƙo, ban da macizai da kunkuru.

Wadda aka ware mana mace ce, sun ƙiyasta shekararta 4. Wani ɗalibi ne ya saye ta a kasuwar baje kolin dabbobi, ya ajiye ta a akwatin kifi kusa da taga, yana ba ta latas da abincin kyanwa. Muƙamuƙinta na ƙasa ya ɗan karkace, ƙafar gaba ta hagu ta lanƙwashe, ƙarshen wutsiyar kuma baƙi ne mai santsi, alamar ta taɓa guntulewa ta sake tsirowa. Ba su ɓoye mana ko ɗaya ba. Suka ba mu kwafin hoton ƙashi da likita ya ɗauka lokacin da aka kawo ta, da takardar nauyinta wata-wata. A nan na fara ganin bambancin su da shago. Shago ya nuna mini dabba a ranar da ta fi kyau a rayuwarta, su kuma suka nuna mini tabon da sakaci ya bari.

Bayanin karkacewar muƙamuƙin ya shige ni sosai, don abu ne da na sani a jikin mutum. Iguwana tana bukatar wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB, da shi fatarta ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma hanji ke tsotse kalsiyam daga abinci. In babu, jiki sai ya koma yana zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙashin ya yi laushi, muƙamuƙi ya zama kamar roba, ƙafafu su kumbura, har ta kai dabba ta karye don kawai ta diro daga reshe. Dangin ciwon nan ne da ke gwame ƙafafun yara. Kuma gilashin taga yana tare UVB, don haka ɗalibin nan da yake ganin ya kyauta mata da ya ajiye ta a hasken taga, zafi kawai take samu. Fitilar da ke cikin kwalin dala 120 ɗin nan ma ta ɗumi ce kawai. Saurayin shagon bai ce mini komai a kan wannan ba, kuma ina kyautata zaton shi ma bai sani ba.

Sharaɗinsu shi ne ba za ta bar gidan ba sai keji ya kammala sun gani da ido. Suka ba mu awo, ƙafa 8 tsawo, ƙafa 4 faɗi, ƙafa 6 tsayi, domin dabbar bishiya ce, sama take so. Maigida da ya fi kowa adawa shi ya ƙare da zarto a hannu, ƙarshen mako uku yana fama da katako da waya a gareji. Muka ware ƙaramin ɗakin da ke kusa da wurin wanki. Katako, fentin da ruwa ba ya ratsawa, rassa masu kauri, doguwar fitilar UVB, fitilun ɗumi biyu, ma'aunin zafi biyu, na'urar fesa raɓa, da agogon da ke kunna fitilu da safe ya kashe bayan awa 12, duka sun ci mana kusan dala 800. Kuɗin riƙon kansa dala 50 ne. Wurin shan ɗumi dole ya tsaya wajen digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen ya fi sanyi don ta riƙa zaɓa, danshi kuma wajen kashi 70 cikin 100. Fitilar UVB tana daina ba da abin da ake so tun tana haske, shi ya sa ake canza ta tsakanin wata 6 zuwa shekara ko da ba ta mutu ba. Ranar da na sa sabuwa nakan rubuta a jikinta da alƙalami.

Sai maganar wuta. Dattijuwar ta ce a makon sanyin 2021 cikin mota suka kwana da wasu dabbobin, a waje, da na'urar ɗumi a kunne. Iguwana ba ta iya ɗumama jikinta da kanta. A Florida in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sukan fara sanƙarewa, in ya ƙara sauka su riƙa faɗowa daga bishiya, har hukumar hasashen yanayi ta Miami ta gargaɗi jama'a a kan haka a Janairun 2020. To, muka sayi ƙaramin janareta. Ni da na baro Zariya ina murna na rabu da jan igiyar janareta, sai ga ni a Amurka na saya saboda ƙadangare.

Wata 'yar sa kai ta zo duba gida da nata ma'aunin zafin irin mai kama da bindiga. Ta auna reshen sama ta ce ya yi kusa da fitila, za ta ƙone baya, a sauke shi. Ta ce a cire ɓawon itacen da muka shimfiɗa, domin iguwana tana lasar komai da harshe, ta haɗiye ya toshe mata hanji, a sa tayil ko takarda da za a iya gogewa. Muka gyara, ta dawo bayan kwana 10. Haushi ya kama ni a lokacin, amma duk abin da ta faɗa daidai ne. Ranar 12 ga Maris muka sa hannu muka ɗauko ta, mako 7 cif daga saƙona na farko.

A cikin yarjejeniyar akwai layin da suka ja wa ƙasa da jan biro: in kun gaji, ku dawo mana da ita, ba sayarwa, ba kyauta, ba saki a daji. Wannan ba tsaurin kai ba ne kawai. A kudancin Florida tun shekarun 1960 aka fara ganin iguwana a waje, yanzu sun yi yawa suna cinye shuke-shuke suna haƙa ramuka ƙarƙashin katangun bakin ruwa, har daga ƙarshen Afrilun 2021 jihar ta hana sabon mallakarsu a matsayin dabbar gida, waɗanda ke da su tun da kuma aka ce sai sun nemi izini an sa musu 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. A tsibirin Grand Cayman da ke tekun Caribbean sai da gwamnati ta fara biyan mafarauta a 2018, aka kashe fiye da miliyan ɗaya. A Hawaii da birnin New York ma an hana riƙe ta. Duk wanda aiki ke yawo da shi daga jiha zuwa jiha ya san da wannan tun kafin ya ɗauka.

Inda gidan ya fi burge ni shi ne tsafta, kuma nan ne nake da bakin magana. Dabbobi masu jan ciki da yawa suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu suna kuma cikin ƙoshin lafiya. Tana fita ta kashi, ta shafi fata, farata, reshe, ƙasan keji, ruwan wanka, da duk inda dabbar ta taka. Ba a iya raba ta da ita da magani, kuma ko an gwada kashin ba a gani ba, ba hujja ba ce, domin ba kullum take fitarwa ba. A jikin babba mai lafiya gudawa ce da zazzaɓi da murɗar ciki, tana farawa tsakanin awa 6 zuwa kwana 6, ta yi kwana 4 zuwa 7 ta wuce. A jikin jariri kuwa wani labari ne, na taɓa jinyar wanda ta shiga jininsa, kuma iyayen sun rantse bai taɓa ko kallon dabbar gidan ba. Ba sai ya taɓa ba. Hannun da ya taɓa dabba shi ya wanke bulumboti. Saboda irin wannan ne tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da bayansu bai kai inci 4 ba, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC take cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5, da waɗanda suka kai 65, da masu raunin garkuwar jiki su nisanci irin waɗannan dabbobi. Autata tana da shekara 6 lokacin. Dattijuwar ta gaya mini a fili cewa da ba ta cika 5 ba, da ba za su ba mu ba ko nawa za mu biya.

Sai da ta zaunar da yarona ta sa ya nuna mata yadda yake wanke hannu. Ni kuma na ƙara da nawa dokokin, domin mu gidan tuwo ne, da hannu muke ci, wani lokaci kwano ɗaya. Iguwana ba ta shiga kicin, ba ta shiga ɗakin kwana, ba ta taka falo inda muke shimfiɗa darduma. Ba a sumbatarta, ba a ci ko a sha a ɗakinta. Kwanukanta a wurin wankin gareji ake wanke su, da sosonta daban mai launin ja, kada su kusanci inda muke wanke-wanke. Akwai silifas guda a bakin ƙofar ɗakin, shi ake shiga da shi, a nan kuma ake cire shi. Bayan an fito, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, kuma na ce da Hausa za a ƙirga, daga ɗaya zuwa ashirin, a hankali. Ta wannan hanya dai yaran da ke amsa mini da Turanci suka haddace ƙirga.

Dabara ɗaya da suka koya mana ta rage mini rabin aiki. Iguwana tana son yin kashi a cikin ruwa. Muka saya mata bahon roba nata na kanta, kowace safiya a zuba ruwa mai ɗumi iya kafaɗarta, a sa ta ciki, kafin minti 15 ta gama. A zubar a masai, a wanke bahon da sabulu, a bi da ruwan bilic da aka tsarma, a ɗauraye sosai, a kifa a rana. Da safar hannu ake yi. Kejin sai ya zauna tsaf, kuma jiƙon yana taimaka mata lokacin saɓa. Na ga hotunan mutane suna sa iguwana a bahon da suke wa 'ya'yansu wanka, tsigar jikina ta tashi. Wani abin da ya fara ba ni tsoro shi ne farin ɗigo-ɗigo da nake gani a jikin gilashin ƙofa, ga ta kuma tana yawan atishawa. Na kira su a ruɗe, suka ce gishiri ne, ta hanci take fitar da wanda ya yi mata yawa. Shi ma gogewa ake yi.

A watan Oktoba Hajiya ta zo daga gida za ta yi wata uku, shekararta 68, ga ciwon suga. Na kira gidan tun kafin ta sauka, wannan karon a ranar suka amsa, suka ce kada ta taɓa dabbar ko kayanta, in ya gagara su riƙe mana ita har ta koma. Ban kai ta ba, amma tayin kaɗai ya isa in yaba musu. Hajiya ta leƙa daga bakin ƙofa, ta riƙe haɓa.

"Yau ga abin al'ajabi. Duk tsuntsaye da zomayen duniya ba su yi muku ba, sai damo?"

Ta juya wajen jikanta. "Maigida, in ka tashi yankawa cinya tawa ce, ka ji."

Ya ɓata rai ya ce ba damo ba ce, Kaka. Gaskiyarsa. Damo da guza danginsu daban, harshensu a rabe yake kamar na maciji, kuma nama suke ci, ƙwari, katantanwa, ƙwai. Iguwana asalinta daga Mexico zuwa Brazil da Paraguay, kuma ganye ne abincinta. Wannan ruɗani ba ƙaramin abu ba ne, domin kwana uku bayan nan na kama Hajiya ta ba auta guntun dafaffen ƙwai wai ta jefa wa damo, tana jin tausayinsa kullum ganye kamar akuya. Nama da ƙwai da abincin kyanwa suna lalata ƙodar iguwana a hankali, kuma tamu ta riga ta sha wannan a hannun ɗalibi. Sunan dai ya bi ta, har yau Damo muke ce mata. Sai dai kirarin damo sarkin haƙuri bai hau kanta ba ko kaɗan. Maigida ya taɓa sunkuyawa ta samanta zai gyara fitila, ta zabga masa wutsiya a dantse, shatar ta kwana biyu. Ashe akwai wani ɗan tabo a tsakiyar kanta mai gane inuwa, duk abin da ya zo ta sama shaho take ɗaukarsa. Daga gefe ake zuwa mata, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gindin wutsiya, kuma da riga mai dogon hannu, don faratan kamar ƙaya suke. Yarona ya taɓa zuwa makaranta da zane-zanen yakushi a hannu, sai da na yi bayani a rubuce.

Abincin bai da tsada, yawan hidima ne. Takardar da suka ba mu ta ce mafi yawan kwanon ya zama ganye mai duhu, kolad (wani dangin kabeji), ganyen mustad, ganyen tanip, sai a ƙara da gurzajjen kabewa, koren wake, kuɓewa, 'ya'yan itace kaɗan irin su gwanda ko mangwaro. Latas ɗin da saurayin shago ya ce, irin mai dunƙulewa, ruwa ne kawai. Alayyafon Turawa jefi-jefi, domin yana riƙe kalsiyam. Fiya sam ba a ba ta. Dole a yanka ƙanana don ba ta tauna, yaga take yi ta haɗiye, a barbaɗa hodar kalsiyam yadda likita ya tsara. Ranar Lahadi nake yanka na kwana uku in sa a firji, a roba mai murfi da aka rubuta sunanta.

Yanzu ga ƙorafina, kuma har yau ban huce gaba ɗaya ba. Mutanen da suka tambaye ni shafi 4, suka auna mini reshe da ma'auni, sun ce mini mace ce, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce macen iguwana tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, kamar kaza. A Maris na 2023 Damo ta daina cin abinci. Ta shiga zirga-zirga tana tonon kusurwar keji har farata suka fara zubar da jini, ciki ya kumbura, ƙafafu suka rame. Na aika saƙo ranar Juma'a, ban sami amsa ba sai Litinin da yamma. Kafin nan mun riga mun kai ta asibitin gaggawa na dabbobi, hoton ya nuna ciki cike da ƙwai. Likita ya ce in ba ta sami wurin haƙa ba tana iya riƙe su har su kashe ta, musamman irinta mai tarihin raunin ƙashi, domin ƙwan daga jikinta yake ɗibar kalsiyam. Muka dawo muka cika wata babbar roba mai murfi da ƙasa da yashi mai danshi, muka huda mata ƙofa a gefe. Kwana 4 tana shiga tana fita, a na biyar ta fito a yamutse kamar an matse balan-balan, ta bar ƙwai 38 a binne. Kuɗin asibiti ya haura dala 400. Da dattijuwar ta kira ta ba da haƙuri, ta ce yana cikin takardun da suka ba mu. Na duba, yana nan, layi biyu a shafi na ƙarshe ƙarƙashin jerin ganyayyaki. Abin da zai iya kashe dabba ba a ƙasan kuɓewa ake rubuta shi ba, kuma na gaya mata haka. An ce mini yanzu suna faɗa da baki ga duk mai ɗaukar mace.

Jinkirin amsa saƙo kuwa halinsu ne, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mutum huɗu ne ko biyar, kowa da aikinsa na neman abinci. Kada ka dogara da su a gaggawa, lambar likita ta zauna a jikin firji. Haka kuma kada ka je da tunanin za a ba ka 'yar jaririya mai kore shar. Manya ne a can, wasu da tabo, wasu da mugun hali da suka koya a hannun wani. Amma babba ka ga girmanta, ka san mace ce ko namiji, wanda a jarirai ba a iya ganewa da ido, kuma an gaya maka halinta kafin ka ɗauka. Damo ta yi wata 5 kafin ta yarda ta karɓi ganye daga hannun yarona.

A watan jiya wani maƙwabcinmu da muke masallaci ɗaya ya ce 'yarsa ta ga tamu tana so, ya ga ana sayarwa da arha. Na ce ya bari in raka su gidan dattijuwar tukuna. Ƙaton namijin nan yana nan, bai sami mai riƙo ba har yanzu. Ya buɗe haɓa ya gyaɗa musu kai, yarinyar ta laɓe bayan babanta. Kuma matarsa tana da goyon wata 8, don haka maganar ta mutu tun a shafin farko.

Da za mu fito, dattijuwar ta jawo fayil ɗinmu don ta rubuta sabon nauyin Damo, sai idona ya faɗa kan takardar da na cike da fushi a 2022. Akwai tambayar da na manta da ita a shafi na uku: idan yaro ne ya nema, wa zai riƙe dabbar in ya tafi jami'a? Saura masa shekara uku ya tafi. Damo kuma, in Allah ya ja kwananta, tana da sauran goma ko fiye. A kan layin, sunana ne da rubutun hannuna.